Kujerar Hagu

Mun ture kwanuka gefe, mun shimfiɗa taswira.
Kwalbar gishiri ta danne Port Augusta,
cokali ya kwanta a kan Marree.
Daga nan zuwa sama takarda ta yi fayau,
sai wani jan zare siriri
kamar jijiyar idon wanda bai runtsa ba.

Baba ba ya ganin zaren.
Shekara talatin da ɗaya yana kai wasiƙu ta wannan hanya,
yanzu yanar ido ta ja masa labule.
Yatsansa dai bai makance ba:
ya bi takarda, ya tsaya cak.
"Nan akwai kwazazzabo, Glenys. Ba su zana shi ba.
Taya biyu ya ci mini shekarar da aka haife ki."

Na ce waya ta ce awa shida ne.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wayar ta taɓa kwana a can?"

Sai lissafi.
Ruwa, jarka huɗu. Ya ce biyar:
ta biyar ba tamu ba ce,
ta wanda za mu tarar a gefen hanya ce.
Man dizal har wuya, da ƙari a baya.
Tayar safaya biyu, shebur, igiya,
ganyen shayi, gwangwanin wake,
da ragar fuska,
don ƙudajen can ba su gaji kunya ba,
har cikin ido suke neman abin sha.
Takardar izini daga masu ƙasar,
waɗanda suka san kowane idon ruwa da sunansa
tun kafin wani ya zo da ma'auni.

"In rana ta yi ja, ki tsaya.
Almuru na kangaru ne da raƙuman daji.
A gargada kuma, sauri kan haifi nawa.
Ƙofar shinge, yadda kika same ta haka za ki bar ta.
In mota ta mutu, kada ki bar ta.
Kin ji? Kada ki bar ta.
Inuwarta ta fi ƙafarki hankali,
mai nema daga sama mota yake gani, ba mutum ba."

Ya yi shiru, yana juya kofi.
"Ki bar sunanmu wurin Merle a gidan mai,
ki gaya mata ranar fitowarmu.
In ta ji shiru, ta san wanda za ta tasa."
Ban ce masa Merle ta kwanta dama bara waccan ba,
jikanta ne ke riƙe da littafin.
Na dai rubuta: Merle.

Na ce, Baba, me za mu gani a can?
Ya ce, ba komai.
Tafkin gishiri da ke ƙaryar ruwa,
gadar jirgin da ya daina zuwa,
wani mataccen firji a bakin mararraba
inda nake ajiye wa mutanen Dunstan wasiƙa da lemo.
Wannan ba komai ɗin
nake so ya sake bugun fuskata.

Da asuba na ɗaure jarkoki, na ƙirga, biyar.
Ya fito da tsohuwar malfarsa,
ƙafarsa ta kai shi ƙofar dama, wurin sitiyari,
kamar yadda ta saba.
Hannunsa ya kama mariƙi.
Ya daɗe a haka.
Ban ce uffan ba, makulli na cizon tafina.

Sai ya saki, ya dafa bonet,
ya zagaya a hankali, yana shafa ƙarfe,
ya zauna a hagu, ya sauke gilashi.
"To, direba. In kwalta ta ƙare ki rage iskar taya.
Ba sai kin gaya mini ba,
bayana zai ji."